Hattara da Iskar Gas Idan An Ɗauke Wuta

Idan aka ɗauke wutar lantarki, musamman da hunturu, magidanta sukan koma ga tukunyar gas don girki da jin ɗumi. To, wajibi ne mu san halinta. Iskar furofen ta fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka in ta tsiyaye a ƙasa take kwanciya, ƙyastun ashana ɗaya ya isa ya ta da gobara. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da take yi kuwa da gangan aka sa mata don gargaɗi. Wanda ya ji shi, ya rufe tukunya, ya buɗe tagogi, kada ya taɓa makunni.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Murhun da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da kabon monoksaid, guba marar wari mai kisa cikin barci. Don haka kada a kwana da shi a kunne.