Ina Ya Kamata Makunnin Wuta Ya Zauna a Bakin Ruwa?

Akwai wata magana da ta zauna a bakin wasu masu haɗa wuta a Kano, daga otal-otal masu wurin ninkaya a Nassarawa da Bompai har zuwa kamfanonin jima na Sharada da Challawa inda fatu ke kwana cikin ruwa: wai makunnin da ke kashe injin famfo daf da bakin ruwa ake kafa shi, don in wuta ta ja mutum a yi wuf a kashe. Rabin maganar gaskiya ne. Dokar haɗa wuta ta Amurka ta ce lallai makunnin ya kasance inda ido zai gan shi daga wurin injin, kuma a iya kai masa hannu ba tare da neman tsani ba. Sai dai dokar ta ƙara da cewa kada ya matso kusa da ruwan fiye da ƙafa 5, wato kimanin mita 1.5, sai in akwai katanga tsakani. Ƙa'idar Ingila, wadda yawancin masu aikin wuta a nan suka taso a kanta, ta fi tsanani: mita 2 na farko daga bakin ruwa ba wurin makunni ko soket na yau da kullum ba ne. Dalilin a fili yake. Jiƙaƙƙen jiki ba ya tare wuta kamar busasshe, kuma wanda ƙafarsa ke cikin ruwa ya miƙa hannu ga makunni ya mai da kansa waya.

Wani zai ce taku biyu ko uku na iya zama sanadin rasa rai. To amma makunnin ai ba don wanda ke cikin ruwa aka sa shi ba, wanda wuta ta riƙe da ƙyar yake iya motsa hannu. An sa shi ne don mai ceto da ke tsaye a busasshen wuri, da kuma mai gyara da ke son ya ga da idonsa cewa babu wanda zai kunna masa inji yana tsakiyar aiki.

Ƙaryar da ta fi haɗari ita ce cewa fis yana kare mutum. Waya yake karewa daga ƙonewa. Fis ɗin filogi ampiya 13 ne, alhali bureka mai gano yoyon wuta da ake buƙata a irin wannan wuri tana yankewa ne a miliampiya 30, ƙasa da hakan sau fiye da 400. Haka ma batun “ai KEDCO ta ɗauke wuta”, domin a masana'antar da janareta ke tashi da kansa, layin na iya dawowa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Masu cewa wannan duk tsarin Turawa ne su tuna da hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015: aikinta ke nan, duba haɗin wuta a tabbatar da ingancinsa kafin a fara amfani da shi.