Damon Hill: Marayan da Ya Gaji Kambun Mahaifinsa

A daren 29 ga Nuwamba, 1975, hazo ya lulluɓe arewacin birnin Landan. Wani ƙaramin jirgin sama da ya taso daga Faransa yana laluben filin saukarsa na Elstree, sai ya rikito a filin wasan golf na Arkley. Mutum shida ne a ciki, kuma babu wanda ya tsira. Matuƙin jirgin shi ne Graham Hill, zakaran duniya na tseren motocin Formula 1 a 1962 da 1968, gwanin da ya lashe tseren Monako har sau biyar. Ya bar matarsa Bette da 'ya'ya uku. Namiji ɗaya tilo a cikinsu, Damon, shekararsa goma sha biyar.

Mutane sun zaci ɗan zakara zai tashi cikin daula, amma ina! Inshorar jirgin ba ta yi aiki ba, diyyar waɗanda suka rasu ta hau kan dukiyar mamacin, gida ya koma cikin ƙunci. Damon ya yi aikin lebura, ya kuma zama mai kai saƙo a kan babur. Ana ruwa ana sanyi yana kutsawa tsakanin motocin Landan da takardun mutane a jaka. Da abin da yake samu ya fara tseren babura a 1981. Mahaifiyarsa, wadda ke fargabar haɗarin babur, ita ta lallashe shi ya je makarantar koyon tseren mota a Faransa a 1983.

Daga nan tafiya ta yi tsawo. Shekara da shekaru yana fama a ƙananan gasanni, kuɗi na yanke masa, masu ɗaukar nauyi na juya masa baya. Sai a 1992 ya samu shiga Formula 1, da motar kamfanin Brabham da ke dab da durƙushewa. Lokacin yana da shekara 31, shekarun da wasu direbobi suka riga suka ci suka ƙoshi. A kansa akwai hular kwano shuɗiya mai duhu, da fararen zane masu siffar filafilin tuƙa kwalekwale, irin wadda mahaifinsa yake sawa sak. Da kamfanin Williams ya ba shi mota mai kyau a 1993, sai ya lashe tsere uku a jere: Hangari, Beljiyam da Italiya.

Shekarar 1994 ita ce ta gwada zuciyarsa. A ranar 1 ga Mayu abokin aikinsa Ayrton Senna ya rasu a haɗarin tsere a Imola. Ma'aikatan Williams suka shiga jimami, nauyi ya faɗo a wuyan Damon. Mako huɗu bayan haka ya lashe tseren Sifaniya. Abin al'ajabi, haka mahaifinsa ya yi a 1968: bayan rasuwar abokin aikinsa Jim Clark, Graham ya share wa kamfanin Lotus hawaye da nasara, ita ma a Sifaniya. Sai dai ƙarshen shekarar ya yi wa Damon ɗaci. A tseren ƙarshe, a Adelaide ta Ostareliya, motarsa da ta abokin hamayyarsa Michael Schumacher suka yi karo, dukansu suka fita, kambun ya suɓuce masa da maki ɗaya tak.

Bai karaya ba. A 1996, ana tsakiyar gasa, Williams suka sanar da shi cewa ba za su sabunta kwantiraginsa ba. Mutum ya san an sallame shi, amma ya ci gaba da taka mota kamar ba a yi komai ba. A ranar 13 ga Oktoba, a Suzuka ta Japan, ya jagoranci tseren tun daga farko har ƙarshe, ya cike nasararsa ta takwas a shekarar, ya zama zakaran duniya yana da shekara 36. Shi ne ɗan zakara na farko a tarihin Formula 1 da ya ɗauki kambun da mahaifinsa ya taɓa ɗauka. Sai da aka yi shekara ashirin kafin Nico Rosberg ya maimaita irin wannan a 2016.

Damon ya yi ritaya a 1999 da nasarori 22, ciki har da ta farko a tarihin kamfanin Jordan, wadda ya samo musu cikin ruwan sama a Beljiyam a 1998.

Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Damon Hill bai gaji dukiya ba, bai kuma samu uban da zai riƙe hannunsa ya nuna masa hanya ba. Suna kawai aka bar masa, shi kuwa ya kare sunan da guminsa. Duk matashin da ya tashi a gida mai suna, ya sani sunan amana ce, kuma aiki tuƙuru ne kaɗai ke sauke ta.