Uwargida, Ina Kika Ajiye Kwalbar Kananzir?

Kwanakin baya wata ɗalibata a Islamiyyarmu ta nan Cheberu ta yi mako biyu ba ta zo ba. Da na bi sawu, ashe ƙaninta ne ya faɗa tukunyar kunu tana goye da wani, uwarsu kuwa ta tafi aikatau.

Kada ki ɗauka tsautsayin gida ɗaya ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2008 ya nuna yara kusan 830,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar haɗurra, galibinsu a ƙasashe matalauta. Manyan sanadan biyar ne: haɗarin hanya, nutsewa a ruwa, ƙuna, faɗuwa da shan guba. Ko a nan kusa, a watan Mayun 2023, yara 15 suka nutse a ƙaramar hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, a kan hanyarsu ta ɗebo itace a kwalekwale.

Talauci ke sa murhu ya zauna a tsakar gida inda yara ke wasa, rijiya ba murfi, 'yar shekara shida ta zama mai reno. Baƙinmu kuwa, 'yan ci-rani daga Nijar da waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, nasu ya fi tsanani. Suna zaune a kango ko bukka, ba kaka ba goggo da za a bar wa yaro, ba su kuma san ramukan da aka haƙi ƙasar gini ba, masu cika da ruwa da damina.

To, me za ki yi? Ki kewaye murhu, ki rufe rijiya da randa, ki daina zuba kananzir ko fiya-fiya a kwalbar lemo. Idan yaro ya ƙone, ki yi ta zuba masa ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙwai, gishiri ko man goge baki. Idan ya sha kananzir, kada ki ɗura masa manja don ya yi amai, domin aman ke kai shi huhu. Ki garzaya asibiti.

Sannan ki leƙa baƙuwar da ke maƙwabtaka da ke, ki nuna mata inda haɗari yake, ki karɓar mata yaro ranar kasuwa. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.