Tambayoyin Ɗaliban Jami'a da Amsoshin Laburare



A zangon da ya wuce, malamin da ke kula da ƙungiyarmu ta 'yan jarida ya kai mu ziyara laburaren jami'ar da ke garinmu. Yawancinmu ba mu taɓa shiga wurin da littattafai suka fi mutane yawa ba. Mun ɗauka babu wanda ya kai shi girma, sai ma'aikacin da ya zaga da mu ya ce na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya fi shi nesa ba kusa ba. Wancan ana kiransa Laburaren Kashim Ibrahim, wato sunan Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966.

Kusa da ƙofar shiga akwai wani allo, da akwatin katako a ƙarƙashinsa. Ɗalibi zai rubuta tambayarsa ya jefa a akwatin, ma'aikatan laburare su rubuta amsa su manna a allon don kowa ya amfana. Ya yi kama da wannan allon namu da kuke karantawa, shi ya sa muka daɗe a gabansa har Malam ya ce mu matsa kada mu tare wa mutane hanya. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, damuwar waɗannan manyan ɗalibai irin tamu ce sak. Wata ta nemi littafi ta rasa. Wani an ba shi jinga bai san ta inda zai kama ba. Wani kuma yana tambaya ko laifi ne ya kwafo aikinsa daga intanet.

Amsar da aka ba mai neman littafi ita ce ta fi burge mu. An ce mata ta daina bin kanta-kanta tana dube-dube, don za ta wuni ba ta samu ba. Kowane littafi yana da lamba a manne a gefen da aka ɗinke shi, kuma lambar nan kamar adireshin gida take. Da farko sai ka nemi lambar a kwamfuta, ko a cikin katunan da aka jera a aljihunan wani kabad, ta hanyar sunan marubuci ko sunan littafi ko fannin da kake so. In ka samu lambar, ita za ta kai ka har gaban littafin.

Ba da ka ake ba da lambobin ba. Wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fito da wani tsari a 1876, inda ya raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 999. Addini yana 200, kuma a cikinsa Musulunci yana 297. Harsuna suna 400. Kimiyya tana 500, lissafi a cikinta yana 510. Tarihi da labarin ƙasa suna 900. Wannan tsarin ya fi dacewa da makarantu irin tamu. Jami'ar da muka je kuwa da wani tsarin take aiki, na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda yake farawa da haruffa. A can Q kimiyya ce, QA lissafi, DT tarihin Afirka, sannan DT515 tarihin Najeriya. Littattafan harshen Hausa suna ƙarƙashin PL, rukuni ɗaya da na Sinanci da Japananci. Wannan ya ba mu dariya, muka ce ashe Bahaushe da mutumin Sin dangi ne a laburare.

Amfanin wannan jerin shi ne, littattafan da ke magana a kan abu ɗaya suna zaune wuri ɗaya. Don haka in ka je ɗaukar guda, ka duba na damansa da na hagunsa, wataƙila su ma sun fi wanda ka zo nema. An kuma roƙi ɗalibai kada su mayar da littafi kan kanta da kansu, su bar shi a kan tebur ma'aikata su mayar. Littafin da aka ajiye ba a gurbinsa ba ya ɓata ke nan, ko da yana cikin ɗakin. Mun ji ma wasu da gangan suke ɓoye littafi a wata kanta in jarrabawa ta gabato, don kada wani ya samu. Wannan mugunta ce, ba wayo ba.

Wasu littattafan ba a ba da aronsu ko kaɗan, kamar ƙamus da taswira, saboda kowa yana buƙatarsu na ɗan lokaci ne. An bar mu mun taɓa ƙamusun Hausa na Bargery, wanda aka fara bugawa a 1934. Ya haura shafi dubu, sai da hannu biyu muka ɗaga shi.

Shi kuma mai jinga an ce masa ya rage faɗin tambayarsa. Misali, in ka ce za ka rubuta tarihin Kano gaba ɗaya, ka ɗauko wa kanka dala ba gammo. Amma in ka ce Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ka san abin da kake nema. Ba sai ka karanta littafi daga bango zuwa bango ba. Ka duba ƙunshiya a farko, ka kuma duba jerin kalmomin da ke ƙarshe, wanda ke nuna shafin da aka ambaci kowane abu. Da yawa daga cikinmu ba mu san amfanin waɗannan shafukan na ƙarshe ba sai ranar.

Maganar intanet ita ce ta taɓa mu sosai, don mun san halinmu. Sau nawa aji guda yake miƙa aikin gida iri ɗaya, daga waya ɗaya, har da kuskure iri ɗaya? Mu ma masu wannan rubutu mun taɓa yi. Laburare bai hana amfani da intanet ba. Cewa ya yi ka tambayi kanka wa ya rubuta abin, yaushe ya rubuta, daga ina ya samo, sannan ka gwada shi da wani littafi ko wani shafin kafin ka yarda. Kuma ba waya ce kaɗai ake yi wa wannan binciken ba, littafi ma yana tsufa. An ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Zamfara kuma a 1996, shekarar da jihohin Najeriya suka cika 36. Duk taswirar da aka buga kafin nan ba za ka ga Zamfara a ciki ba, kuma in ka kwafe ta a jarrabawa kai za ka faɗi, ba taswirar ba. Saboda haka a riƙa duba shekarar bugu, tana bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi.

Ɗaukar rubutun wani ka ce naka ne kuwa, sunansa satar fasaha, kuma a jami'a yana iya sa a ƙi karɓar kundin mutum bayan ya sha wahalar shekaru. Maganinsa mai sauƙi ne. Kana karantawa kana rubuta sunan marubuci da sunan littafi da shekara da lambar shafi, sannan ka rufe littafin ka faɗi abin da ka fahimta da kalmominka.

Da muka dawo sai muka leƙa ɗakin karatunmu ta taga. Kullum a kulle yake, wasu littattafan ma har yanzu suna cikin kwali, ƙura ta rufe su. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, mun san babu ma'aikacin da aka ware wa wurin. Amma 'yan aji uku suna da jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a gabansu, kuma ba kowa iyayensa ke iya saya masa littafi ba.

Don haka ƙungiyarmu ta rubuta wa Shugaban Makaranta takarda, muna roƙon a riƙa buɗe mana ɗakin kowace Laraba lokacin tara, tare da malami ɗaya da zai sa ido. Mu za mu share, mu raba littattafan gida goma irin na Dewey, mu manna musu lamba da takarda da gam. Mun kuma rataye kwali a ƙasan wannan allon. Duk mai tambaya a kan karatu ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa sunansa ba. Malaman Hausa da na kimiyya sun yarda za su taya mu amsawa, kuma amsoshin farko za su fito a nan ranar Litinin ta sama in Allah ya kai mu.