Matafiyi Mai Allurar Ciwon Sukari a Watan Azumi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya gina shari'arsa bisa sauƙi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare, darasinmu na yau yana kan mutumin da likita ya ɗora bisa allurar insulin saboda ciwon sukari, sai tafiya ta kama shi cikin Ramadan, ko ta fatauci daga Damagaram zuwa Yamai, ko ta umra zuwa ƙasa mai tsarki. Masu aiko da tambaya kusan duk abu guda suke son ji: shin allura tana karya azumi? Wannan ita ce mafi sauƙin mas'alolin babin. Akwai waɗanda suka fi ta nauyi, kuma su ba a cika tambayarsu ba.

Mu fara da sanin maganin kansa, domin hukunci ba ya sauka kan abin da ba a sani ba. Insulin abu ne da Allah ya halitta jikin ɗan Adam yana yinsa da kansa, aikinsa shigar da sukarin abinci daga jini zuwa gaɓɓai. Idan jiki ya daina yinsa, ko ya gaza, sai sukari ya taru a jini alhali gaɓɓai suna cikin yunwa. A shekarar 1921 likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka dace da fitar da shi, aka fara yi wa mutane magani da shi a 1922. Ba a haɗiye shi, domin ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da nama, shi ya sa ake soka shi ƙarƙashin fata. Kuma abu ne mai rauni, zafi yana kashe shi, daskarewa ma tana kashe shi.

To, allurar ba ta karya azumi. Ba ci ba ce, ba sha ba ce, ba ta bi ta maƙogwaro, ba ta isa ciki. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta tabbatar da cewa allurar magani ta fata ko ta tsoka ko ta jijiya ba ta ɓata azumi, in banda ruwan da ake ƙara wa majinyaci a madadin abinci. Haka nan tsaga ɗan yatsa don auna sukari ba ya ɓata azumi, kuma a mazhabar Imamu Malik fitar jini ba ta warware alwala. Saboda haka wanda ya bar allurarsa don tsoron ɓata azumi ya cuci kansa a banza. Mai irin ciwon da jikinsa ba ya yin insulin ko kaɗan, kwana ɗaya ko biyu babu allura sun isa su kai shi ga suma, har ga mutuwa.

Inda haɗarin yake shi ne haɗuwar abubuwa uku: an yi allura, ba a ci abinci ba, ga wahalar hanya. Allura tana janye sukari daga jini ko mutum ya ci ko bai ci ba. Shi kuwa wannan bawan Allah uzuri biyu suka haɗu gare shi, rashin lafiya da tafiya, kuma dukansu an ambace su a aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara, inda aka yi wa masu su rangwamen sha su rama daga baya. Uzurin tafiya yana da sharuɗɗa a wajen malamanmu: tafiyar ta kasance ta halal, ta kai nisan ƙasaru, wato mil 48 kamar yadda ya zo a Risala, abin da ya ɗara kilomita 80, kuma a fita gari kafin alfijir tare da kwana da niyyar sha. Wanda ya kwana da niyyar azumi ba shi da ikon karya shi da rana don tafiya kaɗai. Amma uzurin ciwo bai da waɗannan sharuɗɗa. Ko a tsakar ɗakinsa yake, ko saura minti goma a sha ruwa, idan ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa ya zama wajibi a kansa, kuma ci gaba da azumin saɓo ne, ba ƙarin lada ba. Majalisar da muka ambata ta sake zama a Sharja a 2009 kan masu ciwon sukari musamman, ta kasa su gida-gida, ta ce waɗanda haɗarinsu ya yi girma kada su yi azumi. Wanda zai faɗa maka gidan da kake likita ne amintacce, ba limami ba, ba kuma abokin hira a tasha ba. A ganina, mai allura da zai yi yini cur a cikin kar, ɗaukar rangwame ya fi masa, ko da yana iya azumi a gida.

Alamomin faɗuwar sukari sanannu ne: rawar hannu, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, gani dishi-dishi, da ruɗewar magana. Likitoci sun ce idan na'urar awo ta nuna ƙasa da 0,70 ko sama da 3 a awon giram da asibitocinmu suke amfani da shi, wato 70 da 300 a ɗaya awon, to a sha ruwa nan take. Don haka kada aljihu ya rabu da ƙwayoyin sukari ko dabino. Aljihu na ce, ba akwatin da aka ɗaure a bayan mota ba.

A nan akwai hakki kan abokan tafiya. Sau da yawa mutum yakan fara sambatu ko ya faɗi a mota, sai a ce iska ce ta buge shi, a kewaye shi da tofi. Addu'a alheri ce, amma ku tambaya ko yana da ciwon sukari, ku duba jakarsa. Idan yana iya haɗiya, a jiƙa sukari a ba shi, kada wani ya ce ai yana azumi. Idan ya suma kada a ɗura masa kome a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti mafi kusa. Shi ma mai ciwon ya daina ɓoyewa don kunya. Ya gaya wa na kusa da shi tun a tasha.

Sai kiyaye maganin. Kwalbar da ba a buɗe ba mazauninta firigo ne, tsakanin daraja 2 zuwa 8, nesa da gidan ƙanƙara. Wadda aka fara amfani da ita tana jure zafin ɗaki na kamar mako huɗu muddin bai tsananta ba. To, hanyar Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ce, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma a bazara zafinmu yakan haura daraja 40. Jakar da ta yini a saman mota ko kusa da inji, maganin da ke cikinta ba abin dogaro ba ne. A riƙe shi a hannu, cikin ƴar kula mai ƙanƙara, amma a naɗe kwalbar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar ta daskare. Wanda bai da kula ya naɗe ta da ƙyalle mai laima yana sake jiƙa shi, idan ya sauka a ƙauye ya ajiye ta cikin ɗan tulu mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Hikimar randa ce da iyayenmu suka sani. Idan maganin da yake garai ya yi gauraye, ko aka ga gudaji ya manne a jikin kwalba, a yar da shi. Wani lokacin kuwa ba ya nuna kome a ido, sai dai a ga sukari ya ƙi sauka duk da allura.

A yi guzurin magani da allurai ninkin abin da kwanakin tafiya suke bukata, a raba su jaka biyu, domin mota takan lalace, jaka takan ɓace, kuma ba kowane gari ke da farmasin da ke ajiye shi ba. Wanda ya sayi wani a hanya ya lura, ƙarfinsa ba iri ɗaya ba ne, akwai mai awo 40 da mai awo 100, kowanne da sirinjinsa, kuma haɗa wannan da sirinjin wancan kuskure ne mai kisa. Allurar da aka yi amfani da ita a jefa ta cikin gora a rufe, kada a yar a tasha inda yara da almajirai ke yawo ba takalmi. Wannan ma amana ce.

Mai tafiya umra ya nemi takardar likita mai ɗauke da sunansa da sunan maganin, ya bar maganin cikin kwalinsa na asali, don ma'aikatan filin jirgi su gane. Kada ya sa shi a kayan da ake aunawa a shigar cikin jirgi, can sanyi yana iya daskarar da shi, kayan kuma suna iya makara. Agogon Makka yana gaban namu da awa biyu, saboda haka tun kafin tashi a zauna da likita a tsara lokutan allura bisa sahur da buɗa-baki na can. Ɗawafi da sa'ayi tafiyar ƙasa ce mai tsawo, sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne, kuma tana zuƙe sukari. A auna kafin a fara, ya fi kyau a jinkirta su zuwa bayan an sha ruwa. Allura ba ta cikin abubuwan da harami ya hana. A kuma sani wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Makka ya fita daga hukuncin matafiyi, sai dai uzurin ciwonsa yana nan tare da shi.

Game da ramuwa, wanda ya sha saboda hanya, kuma likita ya yarje masa azumi a gida, zai rama kwanakin kafin wani Ramadan, kuma yana da damar jinkirtawa zuwa lokacin sanyi da yini yake gajere. Wanda kuwa aka tabbatar masa ba zai iya azumi ba a kowane lokaci na shekara, babu ramuwa a kansa. An so ya ciyar da miskini mudu guda a madadin kowace rana daga abincin da garinsu ya fi ci, gero ko dawa ko shinkafa, da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wato cikin tafi biyu matsakaita, ba tiyar kasuwa ba. Idan bai da hali, babu kome a kansa. Allah shi ne Masani.