Allurar insulin da ƙwaryar fura a ƙasar Mayahi

Allah cikin hikimarsa ya halicci wata 'yar gaɓa a bayan tumbin ɗan Adam, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ya ɗora mata fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Kuma bisa mizani biyu take wannan hidima, kaɗan-kaɗan dare da rana, sa'an nan da yawa duk sa'ad da abinci ya sauka ciki. Wanda tasa ta daina aiki, galibi yaro ko matashi, ba shi da makawa sai allura, kuma kafin 1922, shekarar da aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, ita a Toronto ta Kanada, wannan cuta ta sukari ajali ce.

Famfon insulin, mai kwaikwayon wannan mizani biyu, wanda bai kai wayar salula girma ba, ana rataya shi a ƙugu, yana ɗiga magani ƙarƙashin fata ta wani siririn bututu da ake sauya wa wuri bayan kwana biyu ko uku. Idan an kawo abinci, mai shi ya auna jininsa, ya ƙiyasta sitacin da ke cikin kwanon, ya danna adadin da ya dace. Amma kuɗinsa miliyoyin sefa ne, kuma in bututun ya toshe, da yake ba maganin dogon zango a jiki, cikin sa'o'i kaɗan mutum na iya galabaita. A ganina, ga mutumin Cake, wanda sai ya yi tafiya zuwa Mayahi ko Tasawa, ko ma Maraɗi, kafin ya iske babban asibiti, ilimin da ke cikin na'urar ya fi ita kanta amfani.

Ilimin kuwa shi ne a daidaita allura da abin da za a ci. A nan wahalarmu take, domin mu mutanen gero ne, muna haɗa hannu a akushi guda, ƙwaryar fura kuma tana zagayawa ba mai ƙirga ludayi, alhali furar da aka dama da sukari tana hau da jini da gaggawa fiye da tuwo da miyar kuka. Wajibi ne mai wannan lalura a zuba masa nasa daban, da ludayi ɗaya sananne, kada a ɗauka rowa ce ko ƙyama. Insulin na yau da kullum rabin sa'a kafin ci ake yin sa; saboda haka manomin da ya yi allura ya sunkuya da hauya, furar gona ta makara, sai ka ga gumi da makyarkyata sun kama shi, sukarinsa ya faɗi ƙasa da giram 0,70 a lita. Maganinsa nan take ƙwayar sukari uku, kada su rabu da aljihunsa.

Batun adana insulin a zafi kuwa da sauƙi, domin binciken Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitoci ta MSF na 2021 ya nuna kwalbar da aka buɗe tana jure zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 har mako huɗu; a dai ajiye ta a inuwa, cikin tukunyar ƙasa da aka kafa a jiƙaƙƙen yashi.

Malamanmu kuma, don Allah, in Ramalana ya gabato ku bayyana wa jama'a rangwamen da Shari'a ta yi wa majinyaci, ku tura mai allura wurin likita tun cikin Sha'aban.