Me ɗalibin jami'a ke nema cikin tatsuniyoyin Girkawa da Romawa?

Duk ɗan lakwal da ya taɓa rubuta mardi, mercredi, jeudi ko vendredi bisa allo, sunayen gumakan Romawa ya rubuta bai sani ba: Mars, Mercure, Jupiter da Vénus. Haka ma janvier, daga Janus ya samo suna, gunki mai fuska biyu, ɗaya na kallon baya, ɗaya gaba. Wanda ya shiga jami'a don karatun adabin Faransanci kuwa, ba shi da mafita sai ya san labaransu, don marubuta irin su Racine daga nan suka ɗebo.

Wasu iyaye kan ɗaure fuska in suka ji ɗansu na karatun gumaka. Sai dai bautarsu ta daɗe da mutuwa. Tun wajen shekara ta 392 sarkin Rum Teodos ya haramta ta. Abin da ya saura rubutu ne, kuma a matsayin rubutu ake nazarinsa.

Girkawa ba su da littafi guda da ya tsaida labarin. Akwai waƙoƙin Homer biyu, ɗaya kan yaƙin birnin Troy, ɗaya kan komawar Ulis gida. Akwai Heziyod da ya jera asalin gumakan. Daga baya Ovid, Barome, ya tattara labarai cikin kundi 15. Sau da yawa suna saɓa wa juna. Nan aikin yake: malami ba ya tambayar wanne ne gaskiya, yana tambayar wa ya canza labarin, a wane zamani, don amfanin wa.

Labarin Antigon ya fi kowanne nuna haka. Ƴan'uwanta maza biyu sun kashe juna kan sarautar birnin Teb. Kawunsu Kireyon ya hau gadon, ya ce a yi wa ɗaya jana'iza, ɗayan da ya kawo wa garin yaƙi a bar gawarsa a fili, wanda ya rufe ta kuwa a bakin ransa. Antigon ta je ta zuba masa ƙasa. Aka toshe ta cikin kogo da ranta, ta rataye kanta. Ɗan sarkin da zai aure ta ya kashe kansa, uwarsa ma ta bi shi. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a yi masa bayanin nauyin barin gawa ba sutura.

Sofokil ya rubuta wasan kusan shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa. A watan Fabrairun 1944 Jean Anouilh ya fito da nasa a Paris, lokacin sojojin Jamus na riƙe da birnin. Ya tausasa Kireyon, ya maida shi gajiyayyen mai mulki da ke ƙoƙarin tsare doka. Ƴan kallo suka rabu biyu: wasu suka ga yarinyar tana wakiltar masu turjiya, wasu suka ce ai an wanke masu haɗa kai da mamaya ne.